Zoben Ƙafar Ɗan Mikiya

Akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Auta, duk da gemunsa ya fara furfura. Duk shekara idan lokacin ƙyanƙyasar tsuntsaye ya zo, masu binciken namun daji sukan ɗauke shi aiki tare da yayansa, su tura su can cikin duwatsu, inda mota ke sauke mutum ya ƙarasa da ƙafa.

Aikinsu lura da sheƙar wata irin mikiya ce da ta kusa ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a wani tsagi na jikin dutse. Idan ɗan ya ɗan tasa, Yaya ya riƙe igiya daga sama, Auta ya sauka ya sa masa zobe mai lamba a ƙafa, don a gane shi duk inda ya je.

Zoben nan yana da lokacinsa. Ana sa shi ne tun ɗan yana cikin farin gashinsa na jarirai. Da zarar gashin fukafuki ya fito, an daina kusantarsa, domin in ya firgita zai yi tsalle alhali bai iya tashi ba.

Auta gwani ne, wannan ba a ja. Matsalar ita ce ya san shi gwani ne. Bai taɓa komawa gida bai sa zobe ba, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha wannan labarin har kunnensa ya yi zafi.

A wata shekara kogi ya cika ya tare musu hanya, suka isa a makare. Yaya ya ɗaga madubin hangen nesa ya duba sheƙar, ya daɗe bai sauke ba.

Ya ce, "Auta, mun makara. Dubi fukafukansa, sun yi baƙi. A bar shi."

Auta ya yi dariya. "Haba Yaya, tsufa ne ya fara taɓa ka? Ni fa tsuntsu bai jin saukata."

"Ba maganar iyawa ba ce. Ɗan nan shi kaɗai ne bana. In mun koma ba zobe, wa zai dake mu?"

"Ni in koma hannu rabbana, a ce Auta ya kasa? Wallahi in ba ka riƙe min ba, a jikin itace zan ɗaure igiyar."

Yaya ya san ƙaninsa, zai aikata. Tsoron kada ya rasa ɗan'uwa ya sa ya naɗe igiyar a ƙugunsa, zuciyarsa ba ta so.

Suka jira uwar ta tafi farauta. Auta ya sauka a hankali, ko tsakuwa bai ture ba. Gaskiya ya yi gwaninta. Amma da inuwarsa ta faɗa kan sheƙar, ɗan ya miƙe, ya ja da baya, ya buɗe fukafukan da ba su gama ƙwari ba.

Auta ya ce cikin raɗa, "Tsaya, tsaya mana..."

Ɗan ya yi tsalle.

A gindin dutsen suka same shi tsakanin ƙayoyi, jikinsa da sauran ɗumi. Auta ya ɗauke shi ya rungume, yana hura masa iska a baki kamar hakan zai yi wani amfani. Yaya ya tuɓe hularsa ya zauna a ƙasa.

Abin da ya fi ciwo shi ne aikin bai ƙare ba. Dole su ci gaba da zama a wata bukka da suke ɓuya a ciki, suna kallon sheƙar har ƙarshen lokacin. Kowace safiya uwar takan dawo da nama a ƙafarta, ta sauka, ta leƙa, ta yi kira. Sai ta ajiye naman ta tsaya tana jira. Ni dai ban san kallon da ya kai wannan cin rai ba.

Wata rana Auta ya kasa daurewa, ya fashe da kuka kamar yaro.

"Yaya, ta ƙi ganewa. Yaushe za ta daina kawowa?"

Yaya ya dafa kafaɗarsa. "Uwa ce, Auta. Ba ta da ranar dainawa sai ta gaji."

Da shekara ta zagayo suka koma da wuri, tun kogi bai kawo ba. Suka zauna suna duban sama har lokacin ƙyanƙyasa ya wuce. Mikiyar ba ta dawo ba. Ciyawa ce ta tsiro a cikin sheƙar.

Darasi: Iya aiki ba ya ba mutum izinin karya ƙa'idarsa. Wani lokaci girman kanmu ba mu yake kayarwa ba, wanda aka ba mu amanarsa yake kayarwa. Idan an ce maka lokaci ya wuce, haƙura ka koma ana yi maka dariya. Tura wannan labarin ga wanda ka san ba ya jin "bari".