Ganyen da Aka Zuba a Kan Titi

Ku matso kusa, muryata ba ta kaiwa nesa yanzu. Sunan garin ya ɓace mini, amma na tuna akwai gada kafin a shiga.

A garin akwai wani mutum, Tanimu, wanda aikinsa zama a cikin motar nan mai tuƙa kanta, yana lura da ita. Wata rana da hantsi motar ta kauce daga hannunta, ta buge wani direba da ke durƙushe yana canza tayar a-kori-kurarsa. Nan take ya cika. Masu motar suka ce na'urarsu ba ta kaucewa haka kawai, Tanimu ne ya taɓa sitiyari. Ya rantse bai taɓa ba. Aka tsare shi, ana shirin yanke masa shekaru.

Gwaggonsa Dije tana sayar da abinci a inda ake yanka tsofaffin motoci. Da aka kawo gawar motar, ta roƙi masu yankan su ciro mata akwatin da na'urar ke ajiye abin da ta gani. Ta ɓoye shi cikin buhun gero. Da maigidan wurin ya gane, ya kore ta daga rumfar da ta shekara ashirin a ciki.

Ƙanwar Tanimu, Sahura, ta karanci ilimin kwamfuta, sai Dije ta kai mata akwatin. Akwatin bai ce komai ba sai lambobi. Wata huɗu, ko biyar ne, tana fama da shi, har ta rasa aikinta, kafin ta sa na'urar ta faɗi dalilinta. Ashe ganye ta gani a kan titi. Ba wanda ya koya mata cewa mu nan ɗanyen ganye muke zubawa don a san mota ta lalace a gaba. Sai ta ɗauka shara ce, ta kewaye ta ba tare da rage gudu ba.

A kotu, lauyan masu motar ya ce hoton da Sahura ta fitar daga akwatin dishi-dishi ne, ba shaidar an zuba ganye. Mutum ɗaya ce ta gani, Ladidi, matar mamacin, wadda ke zaune a gaban a-kori-kurar ranar. Danginta suka hana ta zuwa, suka ce in an saki Tanimu ba sauran wanda za ta riƙe da jinin mijinta. Ta zo. Ta ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, ni na karyo masa reshen darbejiyar da hannuna."

Aka saki Tanimu, ya fito da tarin da likita ya ce ba zai bar shi ya daɗe ba. A makon nan matarsa ta haifi 'ya mace, ita kaɗai ke gare shi, kuma yana so ta ci sunan wadda ta fitar da shi.

To, ku da ƙwaƙwalwarku ke da sauran ƙarfi, ranar suna wace ce a cikin ukun nan za a raɗa wa jaririyar sunanta?