Taku Tara na Tsamiyar Kwarin Gawo

An ce a zamanin da tsuntsaye ke zuwa fada gaisuwa, Maigari Jatau na Kwarin Gawo ya ga hoton wani birnin ƙetare, titinsa miƙe kamar an ja zare. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sa aka auna hanya daga ƙofar gari zuwa kasuwa, igiyar awo kuwa ta faɗa daidai kan tsohuwar tsamiyar da masu fura ke zama gindinta. Ya ce a sare.

Masu gatari na wasa kaifi, sai Shamuwa ta sauko, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, birnin nan na hoto na san shi, can na yi rani. In an ba ni izini, in faɗi abin da na gani."

Maigari ya ce, "Gani ya kori ji. Muna saurare."

Ta ce, "Birni ne a bakin teku. Burodinsu zagaye yake kamar awarwaro, an barbaɗe shi da riɗi. Shayi suke sha a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, ba madara, sau goma a yini ba su gaji ba. Kyanwa takan kwanta kan kayan mai shago, sai ya jira ta farka. Har a bangon masallaci sun gina wa tsuntsaye ɗakuna, da tagoginsu. Amma titin da ka gani, da mai hoton ya ƙara gaba kaɗan, da ka ga ya karkace, ya kewaye wata tsohuwar bishiya. Na tambayi wani dattijon Hankaka dalili, ga abin da ya ba ni.

"Ya ce, ranar da mai awon titin ya zo da turakunsa, ya tarar da wata tsohuwa na gasa masara a inuwar. Ta ce, 'Ɗana, kwana nawa za ka yi ka gama titin?' Ya ce arba'in. Ta ce, 'Inuwar fa, a kwana nawa za ka mayar mana?' Ya sake jan igiya, ya ga kewayen taku bakwai ne kacal. Hankaka ya ce, yau baƙi a karkatar suke tsayawa kallo, miƙaƙƙen kuwa wucewa kawai ake yi. Mai sauri ya gina hanya, amma inuwa sai mai haƙuri."

Maigari ya ɗaga kai ya dubi rassan tsamiya, ya hango sheƙa.

"Shamuwa, ƙwai nawa kike da su a can sama?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa bakinki ya yi zaƙi."

"Ban musa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai dai ni da kaka zan tashi. Ku ne za ku yi bazara a nan."

Maigari ya dubi masu fura, sun riga sun fara naɗe tabarminsu. A cikinsu har da Iya Tabawa, wadda ta sha dama masa fura a gindin nan tun yana yaro.

Ya ce, "Iya, shimfiɗa tabarmarki." Sannan ya juya ga mai awo. "Ja igiyarka, mu ga tamu taku nawa ce."

Aka auna. Ta zo tara.

Maigari ya ce, "To, mun fi su da biyu. A mayar da gatura gida."