Dorina da Jan Maiƙonta

An yi wata Dorina a wani tafki da ke gindin dutse, ita da 'yarta tilo mai suna Marka, domin a tsakiyar marka aka haife ta. Dorina ba muguwa ba ce. Aibinta ɗaya, ba ta son a ce wani ya fi ta tsafta.

Maƙwabtanta biyu ne. Akwai Gyado, wato aladen daji, tsoho mai faɗin gaskiya ko da ɗaci, kullum jikinsa dumu-dumu da taɓo. Akwai kuma Balbela, fara fat, wadda bakinta ya fi ƙafafunta tsawo.

To, ita dorina Allah ya yi mata wata baiwa. Idan rana ta yi zafi, wani jan maiƙo yakan tsattsafo daga fatarta, ya rufe ta, ya hana ta bushewa. Haka uwarta ta rayu, haka kakarta, babu wadda ta taɓa jin kunyarsa.

Wata rana Balbela ta sauka a bayan Dorina, sai ta yi tsalle ta koma kan reshe tana kakkaɓe ƙafa.

"Subhanallahi! Maman Marka, yanka ki aka yi? Wannan jan abu mai yauƙi fa?"

"Maiƙon jikina ne," in ji Dorina.

"Maiƙo? Dauɗa dai! Ni da nake bin shanu har cikin gari na ga yadda matan kirki ke yi. Ruwa tafasasshe, sabulun toka mai kaifi, da soso. Ki dirje sau uku a yini, ki ga yadda za ki koma."

Maganar ta soki Dorina har zuci. Kafin la'asar ta ɗora tukunya.

Daga ranar nan gidan Dorina ya zama gidan wanka. Safe, rana da yamma, ta dirje kanta, ta kamo Marka ta dirje. Ta hana yarinyar kusantar taɓo. Mai kuwa ko sunansa ba a ambata, tunda maiƙon ake gudu.

"Inna, da zafi!" in ji Marka.

"Yi shiru, dauɗa ce ke fita."

Gyado ya ji kukan har raminsa. Ya zo ɗauke da ƙoƙon man kaɗe, wanda ya sha wahalar tara 'ya'yan kaɗanya kafin ya haɗa.

"Maman Marka, ki ji tsoron Allah. Ruwan zafi da wannan sabulu ba dauɗa kaɗai suke cirewa ba, har rigar da aka haife ki da ita suke tuɓe miki. In wankan ne dole, ki yi sau ɗaya da ruwa mai ɗan ɗumi, ki bar dirza. Kafin jiki ya bushe ki shafa wannan."

Dorina ta dube shi sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Yau kai ne malamin tsafta? Kai da ko ƙuda sai ya toshe hanci kafin ya sauka a kanka?"

"Na ji, ni ƙazami ne. Amma kin taɓa ganin ina susa?"

"Kwashe tarkacenka!"

Ta sa ƙafa ta shure ƙoƙon, ya gangara cikin sarƙaƙiya. Balbela tana kan reshe tana dariya har da faɗuwa. Gyado ya juya ya tafi, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don kansa ba, don yarinyar.

Ba a yi wata guda ba jan maiƙon ya daina fitowa. Fatar uwa da 'ya ta yi furu-furu kamar an barbaɗa musu gari.

"Kin gani ko?" in ji Balbela. "Har kin fara haske. Saura kaɗan ki kamo ni."

Dorina ta ji daɗi, ta ƙara itace a murhu. Wauta ke nan, ana nuna mata ciwo tana cewa ado ne.

Sai ƙaiƙayi ya zo. Suka dinga goga jiki a kututture har ɓawonsa ya ƙare. Daga susa sai kaushi, daga kaushi sai fata ta fara tsagewa. Marka ta daina wasa, ta daina cin ciyawa sosai. Takan tsaya ta zuba wa kwatar taɓo ido, hawaye na bin kumatunta.

Ana cikin haka bazara ta kama. Tafki ya yi ta janyewa har ya koma ɗan kududdufi. Dabbobi suka fara ƙaura zuwa babban kogi, tafiyar rabin yini a fili fetal, babu ko inuwar kara. Wanda ya zauna ƙishirwa za ta kashe shi.

Dorina ta ce wa 'yarta ta tashi. Marka ta yunƙura, tsagar da ke bayan gwiwoyinta ta buɗe, jini ya fito. Wannan karon jini ne na gaske. Ta koma ta kwanta.

Hankalin Dorina ya tashi. Ta kira Balbela.

"Ƙawata, dubi yarinyar nan! Yaya za mu yi?"

"Mu? Ni dai shawara na bayar, ban riƙe miki soso ba. Ga shanu can sun yi nisa, sai mun haɗu."

Ta buɗe fukafukai ta yi sama abinta.

Dorina ta ja jiki zuwa ramin Gyado, kanta a ƙasa.

"Malam Gyado, na zage ka, ban da bakin roƙo. Amma ba don ni ba, don Marka. Ka taimake ni da mai."

"Wane mai kuma? Na bana ke nan kika shure. Kaɗanya ba ta zuba sai damina."

Duk da haka ya tashi, ya kutsa cikin sarƙaƙiya, ƙaya na yagar sa, ya fito da ƙoƙon. Rana ta narkar da man, ƙasa ta shanye. Abin da ya rage a gindi bai fi cikin ludayi ba.

Gyado ya dubi man, ya dubi ɗan taɓon da ya saura a kududdufi, ya dubi girman Dorina.

"Ba zai ishe ku ku biyu ba."

"Na sani," in ji Dorina. "Shafa mata."

Ya yayyafa wa Marka sauran ruwan sanyi. Tun jikinta da danshi ya bi kowace tsaga da mai, sannan ya lulluɓe ta da taɓo tun daga kai har wutsiya. Yarinyar ta sauke ajiyar zuciya, rabonta da jin sanyi haka har ta manta.

Da asuba su uku suka kama hanya. Da rana ta ɗaga, Dorina ta koma ɓangaren da ranar take dukan su, ta sa 'yarta a inuwar jikinta. Rana ta yi ta cin bayanta. Fatar tana darewa, ƙudaje na bin ta, ba ta ce wayyo ba.

Sun hango ƙyallin kogi ke nan Dorina ta zube.

"Inna, tashi, ga ruwa can!"

"Bi Kawunki Gyado, ina nan tafe."

Marka ta ruga kogi, ta ciko baki da ruwa, ta dawo ta fesa wa uwarta. Ta koma, ta sake dawowa. A zuwa na uku Gyado ya tare ta a hanya, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ya isa, 'yata. Ba ta bukatar ruwa kuma."

Haka Dorina ta tafi, garin neman gira ta rasa ido. Marka ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Gyado ya riƙe marainiyar a bakin kogi, yana kula da tsagar jikinta har ta warke. Wata rana da hantsi Marka ta waiwaya, ta ga wani jan abu yana tsattsafowa a kafaɗarta. Nan take ta tuna da soso.

"Kawu, dauɗar ta dawo. In wanke?"

"Bar shi, Marka. Gadonki ne, daga uwarki kika samo shi."

Darasin wannan labari shi ne, tsafta abu ne mai kyau, amma komai ya wuce ƙima ya zama cuta. Yawan wanka da ruwa mai zafi, da sabulu mai kaifi, da dirzar jiki, suna kwashe maiƙon da ke kare fata, har ta bushe ta tsage. A yi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, a shafa mai tun jiki da danshi, a guji susa da daɗewa cikin zafin rana. Sannan kada girman kai ya sa mu shure ƙoƙon mai faɗa mana gaskiya don kayansa sun yi datti, domin ranar da za mu neme shi, wataƙila abin da ya rage ba zai ishe mu ba.