Ranar da Malam Cindo Ya Ce Bai Sani Ba

Ku gafarce ni, ban kai in tsaya gaban manya ba. Abin da na ji ne ya ƙi barina in yi shiru.

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da masu boko ba su cika hannu ba, ana ce masa Malam Cindo. Karanta wa mutane wasiƙa shi ne abincinsa. Duk garin an yarda babu Turancin da ya fi ƙarfinsa.

Ran nan wata tsohuwa, Marka, ta zo rumfarsa da kwalbar maganin da ɗanta ya aiko daga birni, saboda ƙazuwa ta cinye jikarta.

"Malam, duba mini, yaya ake ba ta?"

Ya duba, ya sake dubawa. Kalma ɗaya ta tsaya masa, baƙi uku kacal: "rub". Ku saurara fa, kasuwa ta cika, ido duk yana kansa.

Ya ce, "Iya, wannan kalmar ban san ta ba."

Wani ya saki salati. Barau ɗan kamasho, wanda ya taɓa kwana biyu a Ikko, ya tuntsire da dariya.

"Ashe shekara da shekaru cutarmu kake yi! Iya, magani ai sha ake yi. Cokali safe, cokali yamma."

Malam Cindo ya ce, "Don Allah Iya, kada ki ba ta sai na dawo."

Ya rufe rumfa ana yi masa ihu, ya kama hanyar garin da ke da ɗakin magani, a ƙasa, cikin rana. Da malamin asibiti ya ji, sai ya miƙe tsaye.

"Shafawa ke nan! Kalmar da suke faɗa in za a murza ciwo ko a goge ƙwarya. Wannan in ya shiga cikin yarinya, sai dai wani ikon Allah."

Jama'a, Malam Cindo ya juyo da gudu, takalmi a hannu. Ya faɗa gidan Marka ko sallama babu, ya tarar ta gaji da jira, ta tsiyaya maganin a cokali, ta tallabo kan yarinya. Ya kaɓe cokalin.

"Shafawa ake yi, Iya! Shafawa!"

Marka ta rungume jikarta. Kafin sati biyu ƙurajen suka bushe. Barau kuwa, ya daina bi ta ƙofar rumfar.

To, ku duba. "Ban sani ba" ta kunyata Malam Cindo yini ɗaya, ta ceci rai. Mu fa? Sau nawa aka miƙo mana takarda muka ƙirƙiro amsa don kada a raina mu? Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya tashi ya tambayo.

Iyakar abin da na ji ke nan. Bari in sulale ta baya tun hankalinku yana kan Malam Cindo.