Gyaran Daddawar Tasalla

A zamanin da fatake ke auna nisan ƙasa da ƙarewar takalmi, an yi wani farke a Birnin Kuka Bakwai, Jatau ɗan Barmo, jikan Dangana mai jakuna ɗari, dattijo mai yawan saurare da ƙarancin magana. Wata shekara idon ruwan birnin ya ƙafe ƙaf, domin Dardasu Sarkin Aljanun ƙarƙashin duwatsu ya janye shi zuwa kasuwarsa. Jama'a suka shiga ɗaure kaya, amma Tasalla matar Jatau, mai daddawa, wadda gwiwoyinta suka daɗe da gajiya, ta ce ita da ɗorawar kakarta mutu-ka-raba. Sarkin birnin ya danƙa wa Jatau jakar zinariya ya je ya sayo ruwan. Tasalla kuwa ta cusa masa curin daddawa bakwai a burgami, ta ce, "Malam, zinariya ba ta yin miya."

Ya ƙetare kogin yashi mai gudu kamar ruwa, ya ratsa birnin tagulla inda ƙofofi ke gaishe da baƙo, har ya isa kasuwar aljanu, babba, faffaɗa, mai rumfunan zumurrudu jere-jere. A tsakiyarta Dardasu na zaune, dogo, kakkaura, mai murya kamar tsawar farkon damina, gabansa mizani wanda ba ya auna haja sai tare da labarin asalinta. Jatau ya tsuguna yana saurare, domin mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mutumin Sin ya ce silikinsa ya samo asali ne ranar da wata tsutsa ta faɗa cikin kofin sarauniya. Mutumin Yaman ya ce kirfarsa daga sheƙar tsuntsun da ba ya sauka ƙasa aka sato ta. Mutumin Hindu ya ce lu'ulu'unsa ɗigon ruwan sama ne da kawa, wata halittar teku mai ɓawo, ta haɗiye. Kowa mizani ya rinjaya masa gwargwadon labarinsa.

Da Jatau ya ɗora zinariya, mizani ko motsi.

"Ya kai ɗan Adam," in ji Dardasu, "ina labarinta?"

"Ranka ya daɗe, ba ni aka ba wa labarin ba, jakar kawai aka ba ni."

Sai wata tsohuwar aljana, mahaifiyar Dardasu, wadda ta shekara arba'in abinci bai yi mata daɗi ba, ta ɗaga hanci ta ce, "Ɗan nan, mene ne ke wari mai daɗi haka a burgaminka?"

Jatau ya fito da curi shida ya ɗora, ya ce, "Iya, daddawa ce. A shekarar wata yunwa kakar matata ta dafa kalwa, ta rufe da ganye, ta tafi jinyar maƙwabciya kwana uku. Da ta dawo ta tarar Allah ya juya ta ta zama abin da ya ciyar da unguwa. Har yau matata ba ta rufe tukunya sai ta leƙa maƙwabta."

Mizani ya sunkuya, amma da aka daidaita, kuɗin daddawar tulu ɗaya tak na ruwa ya tashi. Zuciyar Jatau ta karye, ya tuna Tasalla zaune gindin ɗorawa. Duk da haka ya ce, "Na sallama." Kuma da yake hannun ɗan kasuwa ba ya manta tarbiyyarsa, ya ɗauko curi na bakwai ya ajiye gaban tsohuwa. "Ga gyara, Iya."

Dardasu ya ƙura wa curin ido. A dokar aljanu, abin da ba a auna ba ba ya kwana a gidansu.

"Nawa ne kuɗin wannan?" in ji Dardasu.

"Ranka ya daɗe, gyara ba shi da kuɗi. Alheri ne da ake ɗorawa bayan ciniki ya faɗa."

Tsohuwa ta lashi curin, ta lumshe ido, ta dubi ɗanta. "Kai Dardasu, tsohon nan zai fi ka hannu a kasuwarka? Ba shi tulunsa, ka yi masa gyara da idon ruwan."

Jatau ya iso gida ya tarar ruwa ya riga shi, yana ɓulɓulowa garai-garai, jama'a na kwance kaya. Sarkin birnin ya naɗa shi Sarkin Kasuwa. Tasalla ta laluba burgami ta ce, "Ko ɗaya ba ka rago mana ba, Malam?"

Ya sauke tulun a gabanta ya ce, "Ga kuɗin shida. Na bakwai kuwa, ga shi can yara na wanka a ciki."

Allah Ya sa mu cika mudu, mu kuma ɗora gyara.