Babbar Riga da Taguwar Noma

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye na gindin dutse, inda sanyin damina yake ratsa ƙashi. Bayan shekara uku da rasuwar mijinta, matar ɗanta Irmiya ta haifi ɗa namiji. Murna wurin tsohuwar nan ba a magana. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, jaririn ba zai taɓa ganin kakansa ba. Sai ta ce a zuciyarta, "In bai ga fuskarsa ba, ya ji ɗumin tufafinsa." Ta ƙudura za ta sa a ɗinka masa bargo da kayan marigayin kafin ranar da za a miƙa jaririn ga Ubangiji a coci.

Ta buɗe akwati ta ciro babbar riga ta shadda. Sau biyu kacal maigidan ya sa ta, sauran shekarun duk tana ninke. Ta naɗe ta cikin taguwoyinsa na noma da tsofaffin wanduna don kada ruwan sama ya taɓa ta, ta nufi wurin wani tsohon tela.

Tela ya warware rigar ya ɗaga ta saitin rana. Ashe asu ya gama da ita, haske sai fitowa yake kamar ta rariya. Ya ɗan ja wurin ninkin, ta yage.

Ya ce, "Maman Irmiya, wannan ba za ta riƙe zare ba. Ajiya ta cinye ta."

Ran matar ya ɓaci, hawaye suka cika idonta. Tana shirin tattara kayanta sai ta ga tela yana jujjuya taguwoyin noman.

Ta ce, "Haba Baba, tsumma fa ne. Jikan fari a lulluɓe shi da kayan gona? Me mutane za su ce?"

Ya ce, "Kafaɗa ta mutu, gwiwa ta mutu, amma taɓa bayan taguwar ki ji. Wanki da rana ba su kashe shi ba, laushi suka sa masa. Fatar jariri kuwa laushi take so."

Ya sa almakashi, ya yar da matacce, ya haɗa mai rai da mai rai. Da bargon ya fito, launukansa Allah ne kaɗai ya san adadinsu: ga shuɗi, ga ruwan ƙasa, ga wanda ya koɗe har ba shi da suna.

Ranar miƙa yaro ta kawo shi a ninke, kunya ta ishe ta. Irmiya ya buɗe, ya bi shi da kallo. Can ya ɗora yatsa a kan wani shuɗin ƙyalle mai faci da jan zare.

Ya ce, "Mama, ba wannan nake kamawa ba in Baba zai haye rafi da ni? Ai ni na yaga nan wurin."

Babbar riga kuwa ko tambayarta bai yi ba, ya ma manta an taɓa yin ta. Da hannunsa ya naɗe ɗansa cikin bargon, ya kai shi gaban jama'a, tsohuwar tana biye, zuciyarta fari ƙal.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: babbar rigar nan bangaskiyar da muke ninkewa ce, sai ranar Kirsimeti mu ciro a gan mu da ita. Ranar da za a nemi ta riƙe wani, yagewa za ta yi. Taguwar noma kuwa ita ce haƙurin da ka yi da maƙwabci, da addu'ar safe, da yaron da ka haye rafi da shi. Kai kana ganin tsumma ne, Allah kuwa ya san inda zai sa almakashi. Kada ka ji kunyar rayuwar da ta koɗe a bakin aikinsa, gama da ita za a lulluɓe 'ya'yanka bayan ka tafi.