Mutumin da Ya Juye Rama da Yakuwa a Gora Ɗaya

Ke Rifkatu, ni kike tambaya? Ni da ban taɓa zama a kan benci ba sai na coci? Ga uwarki da ta yi sakandare, kin tsallake ta kin kawo mini Turanci. Tun la'asar kike rera kalmomin nan ashirin, wai kowacce harafi biyar, duk suna farawa da shii, shii, kamar mai korar kaji daga shanya. Yanzu kuma kina ƙorafi, wai tunda tsawonsu ɗaya, farkonsu ɗaya, don me Malama za ta ce sai kin faɗi ma'anar kowacce ranar Litinin, in ba haka ba ki maimaita aji. Ajiye takardar. Ke ma Damaris, matso ki ji.

Akwai wani mutum, manomi, wanda uwarsa ta rasu ta bar masa gora biyu rataye a ɗakinta. Kowanne da iri a ciki, an gauraya da toka don kada ƙwari su ci. Ɗaya na rama ne, ɗaya na yakuwa.

A shekarar nan jinkar ɗakinsa ta tsufa, igiyoyinta sun ruɓe. Yana bukatar rama mai yawa, ya jiƙa, ya saɓe bawon, ya tuƙa igiya ya ɗaure sabuwar jinka. Da ruwan shuka ya sauka, sai ya sauke gorunan, ya zuba kaɗan daga kowanne a tafin hannunsa. Girma ɗaya, launi ɗaya, har lanƙwasar ma ɗaya. Ya ce a ransa tsohuwa dai ta cika son wahala, abu ɗaya ne ta raba gida biyu. Matarsa ta ce ya bari a kira wata tsohuwa ta duba. Ya ce yana da idanu. Ya juye su a gora ɗaya, ya girgiza.

To, ku 'yan boko ba ku sani ba. Rama, a matse ake shuka ta, don ta miƙe sama tana neman rana, ta ba da zare dogo. Yakuwa kuwa sai an ba ta fili ta baje rassa. Tunda mutumin ya mai da su abu ɗaya, shuka ɗaya ya yi musu, ya ba kowacce fili. Ramar ta samu sarari ta yi ta fid da rassa, bawonta guntu-guntu, duk gaɓoɓi. Da wannan ya tuƙa igiya. Iskar farko ta bazara ta ɗauke jinkar ta kifa a gonar maƙwabci, ruwa ya sauka a kan 'ya'yansa.

Da shuka ta sake zagayowa, ba shi da wani iri sai gaurayayyen nan. Ya shuka, yana baƙin ciki. Wata safiya da kaka ta gabato, ya shiga gonar ya tsaya cik, ya lura da abin da bai kula da shi ba bara. Ga rama ta wuce kansa, ga yakuwa iya ƙugunsa ta yi ja jawur da zoɓo. Ya bi layi tsiro bayan tsiro, yana neman ko guda ɗaya da ya rikice, rabi rama rabi yakuwa. Bai samu ba. Shi ya girgiza su a gora har ba mahaluƙin da zai iya tsince su, ya binne su a ƙasa inda ba haske, amma kowace ƙwaya ta fito da abin da aka sa a cikinta tun farko.

Tsoro ya kama shi. Ya cire hularsa ya durƙusa a cikin kunya, ya ce, "Ya Ubangiji, ni na ga ɗaya, kai ka san kowacce."

Daga ranar ya yi yadda uwarsa take yi. Ya ɗebi iri daga jikin tsiron yana tsaye, kafin kama ta ruɗe shi, ya mai da gora biyu. Shekara ta gaba ya shuka ramarsa a matse. Jinkar da ya ɗaure da igiyarta, har ya aurar da 'ya'yansa tana nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan kalmominki ne, Rifkatu. Tsawo da farko bawo ne kawai, abin da kalma ta haifa shi ne ita. Ɗazu na sa uwarki ta fassara mini huɗu a cikinsu. Ta ce ɗaya tunkiya, ɗaya inuwa, ɗaya riga, ɗaya jin kunya. 'Yan ɗigo-ɗigo biyar a takarda, a ce mai ƙafa huɗu na kwance a ciki! A ce abin da ya sa Adamu ya ɓuya a bayan itatuwa yana zaune kusa da ita, tsawonsu ɗaya! Wanda ya rikita harsuna a Babila, bai bar ko kalma ɗaya ba ma'ana ba. Ke ce za ki juye su a gora ɗaya don kina gaggawa?

Haka kuma mutane. Ku biyun nan, ke da Damaris, kai ɗaya, hanci ɗaya, baƙi ma ba sa rarrabe ku, amma Allah bai taɓa kiran ɗaya da sunan ɗaya ba.

Gobe bayan sujada ki zo da takardar. Ki kira kalma, ki nuna mini abinta da yatsa. Tunkiya na garke, inuwa na gindin mangwaro, riga na kan igiya. Ta huɗun kuwa, in kika faɗi jarrabawar ranar Litinin za ki san ta ba sai an nuna miki ba.

Ku tashi. A wanke ƙafa, a yi addu'a, kowa ya kwanta. Kada in sake jin shii ɗin nan sai gari ya waye.